Kowa Na Son Matuƙi, Ba Mai Son Bakanike

Akwai wani nau'in mutum da ya yawaita a ƙasar Kazaure cikin 'yan shekarun nan, kuma duk mai bin hanyar Kano zuwa Daura ya san shi. Yana da a-kori-kura ƙirar Hilux mai shan gas, fara fat, wadda yake shiga Roni da Gwiwa da ita duba gona ko kwangila, wani lokacin har Ɓaɓura da bakin iyaka. Wayarsa cike take da bidiyon tashi da saukar jirage. Ya san bambancin Boeing 737 da Airbus A320 daga nesa, kuma in jirgi ya gitta sama da dare sai ya buɗe Flightradar24 ya ga daga ina ya taso, ina ya nufa. Babban burinsa shi ne wata rana a kira ɗansa kyaftin.

Mutumin nan dai, ranar da motarsa ta fara hayaƙi ya kai ta gareji, can nesa yake tsayawa don kada baƙin mai ya taɓa masa shadda. Bakaniken da ya girme shi da shekara goma, "kai" yake ce masa, ba malam ba oga. Zai yi rabin awa yana ja-in-ja kan ladan aiki, sa'annan ya zaɓi mafi arhar matacin mai a cikin waɗanda aka nuna masa. Da ɗansa zai ce gyaran inji yake so ya koya, da gidan ya yi zaman makoki.

Wannan raini ya wuce aibin ɗabi'ar mutum ɗaya. Shi ne ya hau teburin gwamnati ya zama manufa, har Arewa ta wayi gari da filayen jirgi masu ƙyalli da matuƙa marasa aiki, alhali jiragen da ke sauka a filayen nan yawanci sai an kai su ƙasashen waje kafin a yi musu babban gyara. Mai sha'awar jirgin da ke raina bakanikensa bai san jirgi ba, bai kuma san motar da yake tuƙawa ba.

Gas da man jirgi 'yan ɗaki ɗaya ne

A fara da abin da ke ƙarƙashin murfin motar. Injin da Bajamushe Rudolf Diesel ya kammala a 1897 ba ya amfani da fulogi wajen kunna mai. Fistin ne ke matse iska har ta koma kusan kashi ɗaya cikin goma sha biyar zuwa ashirin na girmanta, matsin ya sa ta yi zafi sosai, sai a fesa mata mai ya kama da kansa. Shi ya sa injin gas ya fi na fetur nauyi da ƙarfin ja da tattalin mai, shi ya sa kuma ba ya yafe ƙazantar mai. Injunan zamani suna tura mai cikin nozul da matsin da ya haura ninki dubu na matsin iskar da ake shaƙa, ta kafofin da ido da ƙyar yake ganinsu. Ɗan ruwa ko ɗan yashi ya isa ya kashe su.

Man da manyan jirage ke sha, wato Jet A-1, kananzir ne da aka tace sosai. A matatar mai maƙwabcin gas ne, daga tsakiyar hasumiyar tacewa suke fitowa su biyu. Kasuwa ma ta san da wannan zumunci. A 2022, lokacin da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo har masu burodi da masu injin niƙa suka fara rufe wuraren sana'a, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta Nijeriya ta yi barazanar dakatar da aiki a watan Mayu, tana kukan cewa litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Da matatar Ɗangote ta fara aiki a farkon 2024, gas da man jirgi ne suka fara fitowa, fetur sai daga baya.

Zumuncin bai tsaya ga mai ba. Tun a shekarun 1930 Jamusawa suka ɗora injin gas ƙirar Jumo 205 a kan jiragen Junkers. A wannan zamani kuma kamfanin Diamond na ƙasar Ostiriya yana ƙera ƙananan jiragen koyon tuƙi, DA40 NG mai inji ɗaya da DA42 NG mai inji biyu, waɗanda injinsu na Austro asalinsa injin gas ne na motar Mercedes-Benz mai lita biyu, aka gyara shi ya dace da sama, yana shan Jet A-1. Irin waɗannan jirage ne Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya ta koma sayowa don maye gurbin tsofaffin jiragenta masu shan fetur na musamman, wanda ke da tsada da wuyar samu a ƙasar nan. Ma'ana, ɗan alhajin da aka biya wa miliyoyi ya tafi Zariya koyon tuƙi, mai yiwuwa injin da ke juya farfelar gabansa ɗan'uwan wanda ke cikin motar ubansa ne. Yaron garejin da ya shekara bakwai yana kwance nozul da famfon mai ya fi shi fahimtar abin da ke faruwa a cikin wannan ƙarfe.

Ba a ce injin babban jirgin fasinja daidai yake da na a-kori-kura ba. Wancan ba shi da fistin, fukafukai ne masu juyawa ke matse iskar, wutar kuma ba ta mutuwa tun daga kunnawa har kashewa. Amma tushen tunanin ɗaya ne: a zuƙi iska, a matse ta, a ƙona mai a cikinta, a ci moriyar ƙarfin da ya fito. Wanda ya gane ɗaya ya yi rabin tafiya zuwa ga ɗayan.

Wanda aka manta a Kitty Hawk

Kowane ɗalibin firamare ya ji labarin 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, da suka tashi jirgi ranar 17 ga Disamba, 1903, a Kitty Hawk ta Amurka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sana'arsu: masu gyara da ƙera keke ne a garin Dayton, babu ɗayansu da ya je jami'a. Da suka nemi kamfanin da zai ƙera musu inji marar nauyi suka rasa, bakaniken shagonsu, Charlie Taylor, shi ya zauna ya ƙera shi cikin kimanin mako shida, mai ƙarfin doki 12. Ba don shi ba, da abin da suka ƙera ya tsaya a matsayin babban filfilo. Amurka ta daɗe kafin ta tuna da shi, amma ta tuna. Hukumar jiragen samanta tana ba da lambar yabo da sunansa ga kanikawan jirgi da suka shekara 50 a bakin aiki.

A nan gida ma tarihin ya yi irin wannan rowa. A watan Nuwamba na 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, waɗanda suka taso daga Masar suka ratsa Sudan da Chadi, suka sauka a Kano. Littattafai sun riƙe sunan jagoran tafiyar, Arthur Coningham. Amma jiragen katako da yadi ba sa ƙetare dubban kilomitoci na ƙura da zafi sai da hannun da ke share su, yana ɗaure abin da ya kwance a kowane zango. Tun daga ranar jama'a suka koyi ɗaga kai su kalli mai tuƙi, suka bar mai sifana a ƙasa.

Sai kuma 2007, lokacin da kamfanin dillancin labarai na AFP ya bazu da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi da makamashi a Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da injin tsohuwar Honda Civic da tarkacen motoci, har ya ɗaga daga ƙasa kaɗan. Duniya ta yi mamaki, gida aka yi tafi da raha. Abin da ya kamata a karanta a labarin shi ne cewa sha'awar sama a ƙasar Hausa daga gareji take fitowa, kamar yadda ta fito a Dayton, kuma ba a gina mata matakala ba.

Inda kuɗin jama'a ya tafi

A dubi abin da gwamnatoci suka zaɓa su kashe wa kuɗi. Gwamnatin Sule Lamiɗo ta gina filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa a Dutse, Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe shi a 2014. Gini ne mai kyau, kuma alhazan Jigawa sun huta da wahalar zuwa Kano lokacin aikin hajji. Amma in an cire jigilar alhazai da ziyarar manya, filin ya fi zama shiru fiye da hayaniya. Bakazaure kuwa, wanda Kano ke kimanin kilomita 80 daga ƙofar gidansa, filin Malam Aminu Kano ya fi masa kusa nesa ba kusa ba. Jihohi da dama sun bi wannan sahu, kowane gwamna na son a ce a zamaninsa jirgi ya sauka a garinsu.

Gwamnatin Kano a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Niyya ce mai kyau, kuma yaran sun yi karatunsu. Da suka dawo, da yawansu sun daɗe ba aiki, domin lasisin tuƙin kasuwanci matakin farko ne kawai. Mai shi yana fitowa da awa 200 ko kusa da haka, sai ya sake biyan kuɗi mai yawa ya sami shaidar ƙwarewa a kan takamaiman samfurin jirgi, sa'annan ya tara awa 1,500 kafin ya cancanci lasisin da ke kai mutum kujerar kyaftin a babban jirgi. Kujerun kuma ba su da yawa, domin jiragen da ke aiki a ƙasar ba su da yawa, wasunsu ma suna ajiye suna jiran gyaran da sai da dala ake yinsa.

A matakin tarayya abin ya fi ban takaici. An ƙaddamar da suna da tambarin Nigeria Air a bikin baje kolin jirage na Farnborough a 2018. A ƙarshen Mayu na 2023, kwanaki kaɗan kafin gwamnati ta sauka, jirgi ɗaya ya sauka a Abuja da fentin Nigeria Air, daga baya ta tabbata na kamfanin jiragen Habasha ne, ya kuma koma gida. Abin lura shi ne inda aka je aron. Kamfanin Habasha, wanda aka kafa a 1945, bai zama zakaran Afirka don yawan fenti ba. Ya gina makarantar horar da kanikawa da rumfunan gyara a Adis Ababa, har jiragen wasu ƙasashe ke zuwa a yi musu aiki su biya. A Nijeriya kuwa, sai a 'yan shekarun nan kamfanin Aero Contractors na Legas ya fara yi wa Boeing 737 babban binciken da ake kira C-check a cikin gida.

Arewa ba baƙuwa ba ce a harkar. Kabo Air daga Kano ta fito, Max Air daga Katsina, Azman da Rano daga Kano. Masu kuɗin yankin sun nuna za su iya sayen jirgi. Abin da har yanzu ba a gani ba shi ne babbar rumfar gyara a Kano wadda 'ya'yan Kazaure da Ɗambatta da Daura za su cika, a daina kwasar dala ana kai wa wasu. Dalilin bai wuce wanda ya sa alhajin can tsayawa nesa da motarsa ba. Fili ana yanka masa ƙyalle a ɗauki hoto, matuƙi yana sa farar riga mai igiyoyin zinariya, shi kuwa bakanike baƙin mai ne adonsa.

Laifin gareji

Mai musu zai ce: a daina yaudarar kai, bakaniken bakin titi ba zai taɓa jirgi ba, kuma bai kamata ya taɓa ba. Akwai gaskiya a maganarsa, kuma ɓoye ta ba zai amfani kowa ba. Garejinmu yana da miyagun al'adu. Mota na zafi, sai a cire abin da ke daidaita zafin ruwa a jefar, maimakon a wanke lagireto a nemo asalin cutar. Fitilar gargaɗi ta kama, sai a cire ƙwan. Ƙusa ta ɓace, sai a ɗaure da waya. Ana ɗaure noti da ƙiyasin dantse, ba da ma'aunin ƙarfin ɗauri ba. Ba a rubuta komai, tarihin mota duk yana kan oga, ranar da ya mutu ya tafi da shi. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan, in an kai ta sama, makabarta ce.

Harkar jirgi ta ginu ne a kan kishiyar wannan. A ranar 30 ga Oktoba, 1935, sabon jirgin Boeing samfurin 299 ya faɗi a filin Wright na jihar Ohayo jim kaɗan da tashi, saboda ƙwararrun matuƙa sun manta ba su cire makullin da ke riƙe fukafukan sarrafawa ba. Daga nan aka ɗauki darasin cewa ƙwaƙwalwar gwani ma ba abar dogaro ba ce, aka shigo da jerin abubuwan dubawa da ake karantawa ɗaya bayan ɗaya kafin kowane tashi. Kowane jirgi yana da littafinsa. Ana canza kayansa bisa awannin da suka yi aiki, ko da a ido lafiyarsu ƙalau. Ba ya tashi bayan gyara sai injiniya mai lasisin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa ya sa hannu, kuma wannan sa hannun yana iya kai shi kotu. Kafin tashi ana tsiyayar mai daga ƙasan tanki a duba ko akwai ruwa. A watan Yuli na 2023 an sami ruwa mai yawa a tankin wani Boeing 737 a filin Yola tun yana ƙasa, hukuma ta dakatar da jiragen kamfanin masu wannan samfuri har sai da aka yi bincike. Duk mai motar gas da ya taɓa sayen gurɓataccen mai a jarka ya san irin wannan ciwo, bambancin kawai shi yana iya gangarawa gefen titi.

To amma wa ya koya wa gareji waɗancan al'adu? Mai motar da ya ƙi sayen kayan gyara na asali a Ƙofar Ruwa ya ce a sa masa na rabin kuɗi. Mai motar da ke ɗora wa abin da aka ƙera don tan ɗaya buhuna har sai bayanta ya durƙusa. Mai motar da ba ya zuwa canjin baƙin mai sai inji ya fara kuka, in an ce a bar ta ta kwana a bincika sosai ya ce sauri yake yi. Bakaniken da aka hana kuɗi da lokaci da daraja, dabara kawai ta rage masa, kuma dabarar da ke tayar da mataccen inji da waya da guntun roba shaida ce ta kaifin basira. Abin da ya rasa tarbiyyar aiki ce da karatun littafin inji, su kuwa ana koyar da su cikin 'yan shekaru. Basirar hannu da kunnen da ke jin ciwon inji daga sautinsa, su ne ba a saya a kasuwa.

Abin da Kazaure ke riƙe da shi

Ƙananan garuruwa kaɗan ne a Arewa ke da abin da masarautar Kazaure ke da shi. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, wadda ta faro a matsayin ta jiha bayan ƙirƙiro Jigawa a 1991, gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 2007. Akwai cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta jiha a cikin garin. Akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka amince da kafawa a Ɓaɓura a 2021, ga Jami'ar Sufuri a Daura, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana da makaranta sukutum ta injiniyoyin gyaran jirgi, ba ta tuƙi kaɗai ba. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa da ke Kaduna tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi sana'a a wajen aji. Duk kayan haɗin suna nan, ba a dai ɗora tukunyar ba.

Abin da ake bukata ba ya kai kuɗin titin saukar jirgi ɗaya. Kwalejin Kazaure ta buɗe ajin yamma ga yaran gareji da ogoginsu, a koya musu lissafi da Turancin littafin inji da amfani da na'urar binciken mota da rubuta tarihin aiki, a ba su shaidar da hukuma ta sani. Waɗanda suka yi fice kuma suka cika sharuɗɗan shiga, gwamnatin Jigawa da ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa, 'Yankwashi da Ɓaɓura su ɗauki nauyinsu zuwa Zariya sashen gyaran jirgi. Duk kujerar tallafin karatu ɗaya da aka ware wa tuƙi, a ware biyu ga gyara. Wanda bai kai ga jirgi ba ma ba a yi asara ba, domin zai dawo ya kama tarakta da injin ban-ruwa da janareton asibiti, waɗanda duk gas suke sha, kuma da yawansu ke zube a harabobin ma'aikatu saboda rashin hannun kirki.

Attajiran yankin da ke da hannu a harkar jirage su ma akwai nasu. Maimakon kowa ya ci gaba da tura jirginsa waje, su haɗa jari su kafa rumfar gyara a Kano, su ƙulla yarjejeniya da makarantun nan kan ɗaukar ɗalibai koyon aiki. Kasuwar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce, Nijar da Chadi na nan kusa.

Mai Hilux kuwa, tunda yana son jirgi, ya fara daga tsakar gidansa. Ya sayi littafi ya ajiye a aljihun mota, ya riƙa rubuta ranar canjin mai da kilomitar da aka canza shi. Ya riƙa zagaya motar kafin tafiya kamar yadda matuƙan da yake kallo a waya suke zagaya jirgi: taya, ruwa, mai, birki, fitila. Ya tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan matacin gas kafin fitila ta tuna masa. Ya biya bakanike ladan da zai sa ya yi aikin a tsanake, ya kira shi da sunan girma, ya bar masa motar ta kwana in ya ce sai ta kwana. Ranar da ɗansa ya zo ya ce inji yake so ya koya, ya tuna cewa kyaftin ɗin da yake mafarki ba shi da ikon tayar da jirgi daga ƙasa sai wani mai baƙin mai a farce ya sa hannu a littafi tukuna.